Inci Ukun da Baba Ya Manta

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai jiki da sauƙi. Ƙugun da likita ya ɗaure mini da ƙarfe ya daina damuna, har ina kaiwa bakin ƙofa da sanda ɗaya.

Takarda na rubuto saboda na gaji da waya. Kunnen nan ya ƙi, ke ki yi ta ihu, ni in yi ta "na'am", a tashi ba wanda ya ƙaru. Ga shi a nan sai an hau tudu ake samun layi. Direban motar kayan ma'aikatar yayanki yana shiga gari kowane mako, shi zai riƙa kai miki, ki riƙa ba shi amsa.

To ga magana. Gida nake so. Yayanki da matarsa ba su rage ni da komai ba, amma tun da na faɗo daga tsanin nan aka kawo ni, an mai da ni ƙwai, ko kujera ba a bari in ja. Jiya na ce masa, "Injiniya, yaushe zan koma ɗakina?" Ya yi dariya, ya sa baki a kunnena ya ce, "Baba, ranar da motarka Gwaggo ta zo nan da ƙafarta, kai kuma ka shiga cikinta da taka ƙafar ba wanda ya tallafe ka, ranar ka tafi." Shi a ganinsa ya kashe maganar, don ya san motar ta girme ki, kuma ta daɗe a rumfa ba a ko tayar da ita. Nan take na kira matarsa na ce ta zama shaida.

Ƙafata aikina ne. Gwaggo kuwa aikinki ne. Kada ki ce mini ke tela ce, wanda ya iya kwance keken ɗinki ya mayar ba zai kasa riƙe sifana ba.

Kafin ki taɓa komai, ki koyi ɗaga ta. A kan simintin rumfa, ba a kan ƙasa ba. Ki ja birkin hannu, ki sa weji, katakon nan mai baki kamar gatari, gaba da bayan tayar da ba za ki ɗaga ba. Ki sassauta notunan taya tun motar tana ƙasa. Jak kuma sai a ƙarƙashin inda na shafa jan fenti. Amma ki sani jak ɗagawa kawai ya iya, bai iya riƙo ba. Da ta tashi, ki sa mata ƙarafan tokarar nan huɗu da nake ce wa 'yan gadi, suna bayan akwatin kayan aikina. Ban yarda da bulo ba, ko wa ya ce miki ya saba yi. Sannan ki dafa ta ki girgiza da ƙarfi kamar kuna faɗa. In ta motsa, kada ko yatsanki ya shiga ƙarƙashi.

Ki gaishe da yara. Allah ya yi miki albarka.

Babanki

*

Baba,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Duk muna lafiya, yara suna ta tambayar yaushe za ka dawo ka ci gaba da cinye su a wasan lissafi.

Baba ka ja mini. Ranar da na yaye wa Gwaggo mayafi, sai da na roƙe ta gafara. Kyanwa ta haihu a kujerar baya, ɓera kuma ya gina gida a cikin matatar iska, har da ɗakin baƙi. Su biyun suna zaune lafiya a mota ɗaya, ban san yadda suka shirya ba.

Na ɗinka wa kaina rigar aiki da ragowar yadin labule, saboda haka in ka ji an ce an ga labule yana rarrafe a rumfarka, ni ce. Surukinka kuwa ya taimaka ƙwarai. Yana tsaye can nesa da kofin shayi yana addu'a, lokaci lokaci ya ce, "Kin tabbata Baba haka ya ce?" Da na zo girgiza ta sai da ya rufe ido.

Na ɗaga ta yadda ka ce, ta zauna a kan 'yan gadi daram. Ban ɓoye maka ba, shigata ta farko ƙarƙashi gabana ya yi ta faɗuwa. Ina kwance a kan kwali ina kallon cikinta, sai na ga notin baƙin mai da ɗigon jan fentinka, na ga wayar da ka ɗaure salansa da ita, irin ɗaurin da kake yi wa jakar makarantarmu in ta tsinke. Daga nan tsoro ya ragu. Na kwance notin, baƙin mai ya zubo, rabi a roba rabi a hannun rigata har hammata.

Na canza mai da filogi, na kai batir caji, na wanke kafireto da buroshin haƙorin surukinka, bai sani ba tukuna. Shekaranjiya na murza makulli. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta turnuƙe layinmu da hayaƙi, sannan ta kama. Maƙwabta har da tafi.

Sai dai ga matsala. Direban nan ya leƙa ta ya girgiza kai. Ya ce hanyarku bayan gada ruwa ya cinye ta, manyan motoci sun haƙa kwari biyu sun bar tudu a tsakiya, Gwaggo kuwa gajera ce, a nan za ta bar salansa da tukunyar mai. Yaya za mu yi?

Ka gaishe da Yaya da Anti. Ka riƙa cin abinci.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki har na ƙware da dariya, matar yayanki ta rugo da ruwa. Ki saya wa mijinki buroshi, ba kyau.

Direba ya yi gaskiya, na ga hanyar ta tagar motar asibiti ranar da aka kawo ni. Maganin gajere ƙarin tsawo. Akwai zoben roba mai kauri da ake ɗorawa a kan sifirin, ki nemi mai inci biyu, guda huɗu. Ke za ki ɗaga motar ki kwance ƙafafun, amma matse sifirin ki kai wa bakanike mai abin matsewa. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne, in ya kuɓuce haƙora yake nema. Tayoyin ma sun tsufa, ki sa masu ɗan tsawo, za su ƙara miki inci guda. Ki murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ki tabbata ba sa gugar jiki.

Ni ma ban zauna ba. Na samo wani akwatin katako a sito, na shimfiɗa masa tsohon bargo don santsi, kullum da safe ina hawa ina sauka. Ranar farko ƙafar ko rabi ba ta kai ba, na koma na zauna ina zaginta. Yanzu tana taɓa baki. Yayanki yana wucewa ya yi kamar bai gani ba.

Ki ci gaba da sa 'yan gadi, kada sabo ya sa ki raina ta.

Babanki

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin duk lokacin da na ɗauki waya na nufi tudu, Baba yakan bi ni da ido, in na dawo kuma sai na ba da bayani.

Direba ya shaida mini cewa kin gama ƙara wa motar tsawo, har kin zagaya gari da ita. Na yaba da ƙoƙarinki, amma ina so ki dubi lamarin da idon basira. Maganar da na yi wa Baba wasa ce. Ban zaci ku biyun za ku ɗauke ta kamar hukuncin kotu ba.

A nan akwai asibitin ma'aikata kusa, gidan ba shi da matakala, kuma ina ganinsa safe da yamma. Ranar da ya faɗo, ni na ɗauke shi daga ƙasa da hannuna, ke ba ki ga fuskarsa ba. Ba na so in sake ganin wannan. Kuma in faɗa miki gaskiya, tun da na bar gida na tafi makaranta ban taɓa samun zama da shi haka ba. Da yamma yakan zauna ya yi ta gyara mini lissafin aikina, yawanci ba daidai ba, amma ina jin daɗi.

Maganar akwatin nan ma tana damuna. Ya sa an yanke masa ƙafafu har sai da ya zama inci goma sha huɗu cif, wai daidai tsayin dokin ƙofar motar, ya ce ya san shi kamar sunansa. Ya sha wahala kafin ya iya hawa, gumi har yana ɗiga daga haɓarsa. Jiya ya hau ba sanda, ya tsaya a kai yana kallona kamar wanda ya ci zaɓe.

Ina roƙonki ki ja lokaci. Ki ce wani abu ya lalace.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, a gaishe da Anti.

Ina karanta takardarka na kai wurin inci goma sha huɗu, sai na miƙe zumbur. Na zare tef ɗin awo daga wuyana na fita rumfa. Yaya, dokin ƙofar Gwaggo yanzu inci goma sha bakwai ne. Biyu na zobe, ɗaya na taya. Shi da kansa ya ba da umarnin, kuma shi da kansa ya manta. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi, yana dukan allo yana cewa kada a manta da abin da aka ajiye a gefe, yau ga shi ya manta da uku. Na zauna a kan taya na yi dariya, daga baya kuma na ji kamar in yi kuka.

Ka ga ke nan ba sai na yi ƙarya ba. In na zo yadda take, zai ɗaga ƙafa a gabanka da gaban Anti, ƙafar ta tsaya a hanya, ka ci. In na sauke motar, ba za ta wuce gada ba, nan ma ka ci. In kuma na gaya masa, ka san shi, zai ce a ƙara ukun gaba ɗaya a rana ɗaya, ya je ya ɓalla abin da likita ya ɗaura.

Saura hanya ɗaya, kuma a hannunka take. Ka samo falankai marasa kauri. In ya kwanta barcin rana, ka buga ɗaya a ƙarƙashin akwatin, bargo zai rufe. In ƙafar ta saba, ka ƙara wani. A hankali har a kai sha bakwai.

Na san abin da nake roƙo. Ina ce maka ka taimaka a kayar da kai. Ban ga fuskarsa ranar da ya faɗo ba, gaskiyarka, amma na ga ɗakinsa. Tabaraunsa na karatu yana nan a kan taga inda ya ajiye, abokansa na bakin titi kullum sai sun tsayar da ni sun tambaya. A wurinka ana kula da shi, Allah ya saka. A nan kuwa shi yake kula da mutane, kuma ka san wanne ne yake riƙe da shi.

Na gyara matakalar ƙofar gida, na sa ƙarfen dafawa a banɗaki, tsanin kuma na ba da shi kyauta. In ka ƙi, ba zan ce masa komai ba, kuma ba zan riƙe ka a zuciya ba. To, zan ɗan riƙe ka kaɗan.

Ƙanwarka

*

Auta,

Salam. Saƙonki ya iso. Tun kina ƙarama ba ki da ta ido, kuma na ga girma bai canza ki ba.

Ban yi miki alkawarin komai ba.

Ki duba birkin motar da kyau, tunda an ƙara mata tsawo. Bayan gada akwai gangara.

Yayanki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Kwana biyu shiru, ina fata lafiya. Direba ya ce ya same ki kina canza takalman birki kina waƙa. Madalla.

Ƙafar nan tawa ta koyi wasa da hankali. Sai in ga na gama da akwati, ina hawa kamar saurayi, in wayi gari kuma in ji ya yi mini nisa, sai na sake lallashinta. Haka muke ta yi, ta ba ni yau ta ƙwace gobe. Ban fasa ba. Ina zaginta ina hawa, matar yayanki tana ƙirga mini daga kicin, in ta ga na gaji sai ta tsallake lamba, tana zaton ban lura ba.

Injiniya ma ya canza hali. Yanzu ba ya wucewa. Yakan tsaya a bayana da kayan aiki a jikinsa, hannu a baya, har in gama. Rannan na ɗan yi tangaɗi, na ga hannunsa ya fito, sai kuma ya mayar. Ya rame kaɗan, na ce wa matarsa ta duba shi.

Makon nan ƙafar ta daina gardama. Ki zo ƙarshen wata. Ki ɗaure notunan taya a gicciye, ɗaya nan ɗaya can, ba a jere ba, in kin yi 'yar tafiya ki tsaya ki sake bin su. Ki taho da jak da 'yan gadi biyu da galan na ruwa. A kan tudun bayan gada ki sa giya ta ɗaya, kada ki ji kunyar tafiya a hankali. Ki bar mijinki a gida, addu'arsa tana isowa daga can.

Babanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Mun iso lafiya jiya tun kafin la'asar, ka kwantar da hankalinka. Gwaggo ta haye tudun nan ko ƙasa ba ta taɓa ba, Baba yana gefe yana ba ni umarnin da ban nema ba.

Tunda ka ce an kira ka wurin injin ruwa daidai lokacin da muka fito da kaya, bari in ba ka labarin abin da ka gudu ka bari. Anti ta ce ba wanda ya kira ka, amma ni ban ce komai ba.

Baba ya zagaya motar sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa taya da sanda, ya leƙa ƙarƙashi iya yadda ƙugu ya bari, ya ce ɗaurin da na sake yi wa salansa bai kai nasa ba. Sannan ya miƙa wa Anti sandar ya ce, "Shaida, buɗe ido." Na buɗe ƙofa na koma gefe na harɗe hannuwana, don na san in na sake su za su kai masa. Ya dafa saman ƙofa. Ya ɗaga ƙafar. Yaya, ta tsaya a sama tana rawa, saura kaɗan. Sai ya ce mata wata magana da ba zan rubuta ba, ta haye. Ya zauna, ya jawo ɗayar, ya rufe ƙofa da kansa, ya ce, "To, me ake jira?" Anti tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Da muka zo wucewa ta gaban ma'aikatarku ya ce in rage gudu. Na hango ka a bayan tankin ruwa, hularka ta tona ka. Shi ma ina jin ya gani, don ya ɗaga hannu bai sauke ba har muka sha kwana.

Yanzu haka yana rumfa a kan kujera, abokansa sun kewaye shi, yana nuna musu yadda aka yi da ƙafa a sama. Na leƙa akwatin kafin mu taso, na ɗaga bargon. Na gode, Yaya. Bai san komai ba, kuma ba zai ji daga bakina ba.

Ga takarda ya ce in haɗa da tawa, ya liƙe ta da kansa.

Ƙanwarka

*

Injiniya,

Assalamu alaikum. Na iso, na kwana a ɗakina.

Falankin farko da ka buga, a ranar na gani. Ina ɗaga bargo na gane kuskurena, na ji kunya ƙwarai, sai na mayar na rufe. Bai ma zauna daidai ba, gefen hagu ya fi tudu, sai da na gyara bayan ka tafi aiki. Sauran ka yi su da kyau. Auta tana ganin ta yi mini wayo, ka bar ta a haka.

Na san ba ka so in tafi. Duk da haka kai ka yi ta durƙusawa kana ƙara mini tudu, har na iya barin gidanka. Na yi kewarka tun kafin mu kai gada.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Ka riƙa cin abinci, kuma in ka sami hutu ka zo ka kwana biyu a wurina.

Mahaifinka